Inna da Kwaɗin Gindin Giyayya

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma. Inna, uwar maigidana, ta rasu da hantsi a ƙarshen bazara, a irin ranakun da ko kaza ba ta son taka ƙasa don zafi. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, domin suruka ba ta ambaton sunan uwar miji, ko tana raye ko ta kwanta dama. Amma duk wanda ya taɓa shayar da akuya a tabkin ƙauyenmu, nan kusa da Kona, ya san wadda nake nufi.

Na sha zaman makoki, ban taɓa ganin irin nata ba. Maza suka kai ta suka dawo suka zauna a ƙofar gida, mata suka cika tsakar gida. Mace za ta shigo ta durƙusa gabana, ta ce Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, in ce amin. Maimakon ta matsa ta ba wata wuri, sai ta ƙara matsowa har in ji numfashinta, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko tsohuwa ta bar wata magana a kan shuka. In girgiza kai. Sai in ga fuskarta ta sauya, ta tashi jiki ba ƙwari. Haka aka wuni. Wata ƙawar Inna tun ta ƙuruciya ta zo dogare da sanda, ko gaisuwa ba ta yi mana ba, ta tsaya a bakin ɗakin marigayiya tana yi wa ɗakin faɗa.

"Ke da ke zaɓa ma gari lokaci, naki kinka kasa zaɓe," in ji ta. "Ba ki tashi tahiya ba sai da hadari ya hwara haɗuwa."

Wasu suka yi dariya da hawaye a fuska, amma dariyar ba ta yi nisa ba. A waje kuma an ce mini Baffa, ƙanen marigayi mijin Inna, ya juya wa masu gaisuwa baya, ya wuni yana kallon gabas inda hadari ke fitowa.

Ba na zargin kowa. Tsoro ne ya cika garin, ni ma shi ne a cikina. Bara an yi fari, gero ya bushe yana fidda kai. Tun tsakiyar rani muke cin anza, wadda sai an jiƙa ta an yi ta sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu, muna haɗawa da ganyen jiga. Abin da ya rage a gidanmu tulu ɗaya ne na iri, wanda Inna ta zuba wa toka ta liƙe bakinsa da laka, ta ajiye a ɗakinta don kada idon mai yunwa ya kai kansa. Kowane gida haka yake, wasu ma nasu bai kai namu ba. Hanyar kasuwar Tasawa kuwa mahara sun tare ta, wanda ya fita ba a da tabbacin dawowarsa, ko ya isa ma ba shi da dabbar da zai bayar a ba shi iri. Shuka ɗaya muke da ita. In aka zuba ta a kan ruwan yaudara, ta tsiro rana ta ƙone ta, to sai dai mu ɗauki yara mu shiga duniya. Kuma tun kafin a haifi maigidana, Inna ce ke faɗa wa ƙauyen ranar da za a ɗauki sungumi a fita shuka. Ita kuma daga bakin kwaɗi take ji.

Yanzu ta tafi, kowa ya juyo yana kallona, domin ni ce nake riƙe mata hannu zuwa tabki tun da gwiwoyinta suka ƙi kuma idanunta suka dushe. Abin dariya ne in ba don ya zama na kuka ba, saboda duk ƙauyen ba wanda bai san ni da tsoron kwaɗo ba.

Ni mutuniyar Isawan ce, can arewa. Kakannina da raƙuma suka gangaro, a rijiya muke shayarwa, kuma na girma ban taɓa kwana kusa da ruwan da ke kwance ba. Washegarin da aka kawo ni gidan nan, na je gyara randa don in nuna ni ma an koya mini aiki. Ina kawar da ita sai ga wani ƙaton abu mai ƙuraje a ƙarƙashi, ya ɗago ido yana kallona, maƙogwaronsa na motsi. Na saki randar, na yi ihun da ya fito da maƙwabta. Duk kunyar amarci ta watse. Inna ta fito daga ɗaki ba gaggawa, ta duba randar da ta tsage, ta duba ni, sannan ta durƙusa ta tambayi kwaɗon ko ya ji ciwo.

"Wanga ya riga ki zuwa gidan nan, ɗiyar arewa," ta ce. "Ki gaishe shi."

Tun daga ranar sunan ya bi ni. Na haifi 'ya'ya, furfura ta fara fito mini, amma a bakinta ina nan ɗiyar arewa.

Wannan na ƙarƙashin randa shi take kira ɗan gida. Tana sonsa don yana rage mata gara da kyankyasai, amma ba ta ɗauki maganarsa a bakin komai ba. Takan ce maƙaryaci ne, ko yaro ya zubar da ruwan wanka sai ya buɗe baki ya ce damina ta sauka. Duk da haka ba ta yarda a taɓa shi. Mata kan yi bisimilla kafin su watsa ruwan zafi a rariya saboda aljanu. Ita ma tana yi, amma sai ta fara sa kara ta zungura ramin, ta jira. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce aljanu sun iya kula da kansu, shi kuwa wannan fatarsa ce kaɗai rigarsa. Idan an yi ruwa, tafiya da ita sai mai haƙuri, don takan tsaya ƙanana su gama tsallake hanya, tana yi musu faɗa a kan nawa.

Akwai masu raɗa cewa da iskoki take aiki. Ni dai na zauna da ita shekara da shekaru, salla na ga tana yi, kuma liman bai taɓa mayar da tuwonta ba. Abin da ta faɗa mini shi ne, tun tana yarinya aka sa ta tsaron tsuntsaye a gonar da ke bakin tabki, ba abokin hira, sai ta shiga saurare. Mutane suna jin hayaniya ɗaya su ce kwaɗi na kuka. Ita kuwa takan ce wanda ya faɗi haka kamar wanda ya shiga kasuwa ne ya ce mutane na magana.

Da idanunta suka dushe, ni aka ɗora wa kai ta. Mukan fita bayan la'asar, mu zauna a kan wani kututture har rana ta faɗi, ni na naɗe ƙafafu na tattare zane, ita ta karkata kai. Sai ta taɓa ni ta ce in ji wancan. Wai akwai mai yin ɓul, ɓul, kamar ɗigon ruwa na faɗawa cikin tulu, kuma ba daga ruwa yake kukan ba, daga cikin ciyawa. Ta ce yana da zane a baya kuma ba ya tsalle, tafiya yake yi ƙafa bayan ƙafa kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Sai da na gan shi da idona na yarda. Akwai wani ɗan mitsitsi da bai wuce kan yatsa ba, mai manne wa kara, wanda kan yi fari fat idan rana ta yi zafi. Talibambam kuwa na yara ne, su taɓa shi da tsinke ya kumbura su yi ta dariya, ita kuma ta bi su da sanda. Amma ita ma ba ta bar shi ya huta ba, don duk ranar da Baffa ya yi fushi ya cika ya batse, sai ta ce a ba talibambam hanya ya wuce. A gabansa take faɗa, matsayinta na matar wansa ya ba ta wannan dama.

Biyu ne take jira don shuka. Na farko ɗan jigawa, wanda ke binne kansa da baya-baya cikin rairayin gonaki, muryarsa kamar maƙeri na buga ƙaramin ƙarfe da sauri. Na biyu bududdugi, babbansu duka, mai kwana cikin lakar tabki tun daga kaka har damina, muryarsa kamar ta ɗan maraƙi. Manomi kan tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai, ita ba ta raina wannan ba, amma takan ce hannu ruwan jiya yake faɗa maka. Su kuwa waɗannan biyu ransu suke sawa, domin in suka fito ruwa ya ɗauke, 'ya'yansu sun mutu, saboda haka ba sa fitowa da wasa. Sai ta ji ɗan jigawa daga gefen gonaki, bududdugi ya amsa daga tabki, sannan ta aika a gaya wa mai gari.

Kada a ce ina yabon matacce da abin da ba shi ba. Ta taɓa kuskure. Wata shekara ta tsare gari har ƙauyukan kusa suka yi noman farko, geronmu ya makara, aka samu rabin abin da aka saba. Mutane suka yi ta guna-guni. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi rabi ya fi babu, ta ci gaba da kaɗinta. Taurin kanta kuwa ba a magana, kuma bakinta na da kaifi, ni da na zauna da ita na fi kowa sani.

Amma ita ce kuma wadda kan sa ni ɗaukar ƙwarya idan ruwa ya yi jinkiri a tsakiyar damina. Ƙananan kududdufai kan soma ƙafewa, 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya su taru baƙi ƙirin cikin ɗan ruwan da ya rage, tsuntsaye na jira a gefe. Sai mu kwashe su mu kai babban tabki. Ni ke ɗauka a kai, ina jin motsinsu ta cikin ƙwarya, tsikar jikina na tashi, ina roƙon Allah kada in yi tuntuɓe. Wata rana ta sa hannu a wani kududdufi, ashe uban yana nan kwance yana gadi, wani ƙaton bududdugi. Ya kama mata yatsa har jini. Na zaci za ta yi fushi. Ta ɗaure yatsan da ganye tana murmushi, ta ce a garin nan akwai ubannin da ya kamata su zo su ɗauki karatu wurinsa. Tabon yana nan har ranar da muka yi mata wanka.

Doka ɗaya ta kafa, kuma gari ya riƙe ta tun kafin zuwana. Idan tabki ya ƙafe da rani, magina kan haƙi laka don tubali, amma a gefen kudu kaɗai. Gefen arewa, inda wata tsohuwar giyayya take tsaye, ba a sa masa fartanya, domin a nan bududdugi ke kwana. Ba ta hana masu cin bududdugi ci ba. Cewa take a bari su fito su zuba ƙwai, sannan mai so ya kama manya da damina. Wanda ke barci a ƙasa kuwa ba a tono shi, domin shi ne irin baɗi, kamar geron da ke cikin tulu.

A kan wannan suka ɓata da Baffa, a ranin nan da ya wuce. Yunwa ta kai inda ta kai. Jikan Baffa ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Wata safiya labari ya zo cewa Baffa ya ɗebi maza sun tafi gindin giyayya da fartanyu da kwanduna. Inna ta ce in kama ta. Ban taɓa ganin ta yi sauri irin na ranar ba, ni ce ma nake haki. Muka tarar sun buɗe ramuka, kwanduna sun fara cika. Ta saki hannuna, ta laluba da sanda har ta sami ramin da Baffa ke ciki, ta zame ta zauna a ciki, ta miƙe ƙafafu. Maza suka tsaya cirko-cirko. Ni kuwa idona na kan fartanyar da ke hannun Baffa, don na san mai yunwa ba ya cikin hankalinsa.

"Ki hwaɗa mini gaban mutane," ya ce. "Jikana ko kwaɗo?"

Ni da na san ta, na san tambayar ta shige ta.

"Jikanka," ta ce. "Ka tahi gida ka kwance akuyata ka yanka mishi. Waɗanda kunka tono ku tahi da su, ba su komawa. Amma in kunka cinye na ƙasa, baɗi wa za shi hwaɗa muku gaskiyar ruwa? Ni ba daɗewa za ni yi ba."

Akuyar nan ita kaɗai ta rage mana, kuma nononta 'ya'yana ke lasa. Na ji haushin Inna ranar, ba zan ɓoye ba. Baffa ya yanka akuyar, yaron ya sha romo, Allah Ya tashe shi, yana nan yana gudu yanzu. An aiko mana da kason bududdugi, Inna ta ce in dafa wa yara tunda an riga an kashe, na dafa ina kawar da fuska, ita ba ta taɓa ba. Daga ranar ita da Baffa ba su sake magana ba. Akuya ɗaya kuma ba ta ciyar da gari. Da Inna ta kwanta ciwo, na riƙa jin ƙishin-ƙishin cewa ana komawa gindin giyayya a ɓoye. Ban gaya mata ba, ina jin kuma ta sani.

A kwanakinta na ƙarshe na cire kunya na tambaye ta yadda za mu yi in ruwa ya sauka. Ta dube ni da idanun nan da ba sa gani, na matso ina jiran babbar magana. Sai ta ce maburginta yana gidan maƙwabciya tun kaka, in je in karɓo, matar ba ta da niyyar mayarwa. Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinta da hankali. Masu tambayata ko ta bar wasiyya, abin da na kasa faɗa musu ke nan.

Ba a gama zaman makoki ba ruwa ya sauka. Da la'asar ya zo, ba laifi, ƙasa ta yi ƙamshi, yara suka fita suna tsalle. Maza suka tona, laima ta wuce wuyan hannu. Kafin magariba na ɗauki hanyar tabki ni kaɗai, ko in ce na zaci ni kaɗai ce, don da na waiga sai na ga mutane tsaye nesa-nesa. Na zauna a kan kututture. Kwaɗi 'yan gida suka buɗe baki ta ko'ina, maƙaryatan Inna, kamar an biya su. Na karkata kai yadda take yi, na saurari gefen gonaki, shiru. Na saurari gindin giyayya, shiru.

A nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Da Inna ce a shekarun baya, wannan shiru amsa ce: ruwan yaudara ne, a jira. Amma bana shirun yana iya zama na wanda ya ƙi fitowa, yana kuma iya zama na wanda aka riga aka cinye. In sun ƙare, zan tsare mutane suna jiran muryar da ba za ta zo ba har damina ta wuce. In suna nan na ce a shuka, na ƙone irin gari da bakina. Na dawo gida. Maigida ya tare ni a zaure.

"Mi kinka ji?" ya ce.

Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Da safe Baffa ya fita da sungumi, wajen rabin gari suka bi shi. Ban ga laifinsu ba, ƙasa jiƙe take, kuma wa zai jingina ran 'ya'yansa da kunnen baƙuwa mai gudun kwaɗo? Ni kuwa na ɗauki guntun fartanya na ɓoye a zane, na nufi inda Inna ta hana. Ramukan da na tarar sun fi waɗanda na sani yawa nesa ba kusa ba, wurin duk an farfashe shi. Na zaɓi tsakanin manyan saiwoyin giyayya, inda fartanyar namiji ba za ta shiga ba. Na roƙi gafarar Allah, na roƙi ta Inna, na fara tono. Saman ya yi laushi, ƙasa kuwa tauri kamar ba a yi ruwa ba. Na ajiye ƙarfen don kada in sare wani abu, na ci gaba da yatsu har farce ya fashe. Na tona nan babu, na matsa can babu. Rana ta ɗaga, zufa na shiga mini ido, ina ta faɗa a raina cewa sun ƙare.

Hannuna ya nutse har gwiwa lokacin da na taɓa wani abu mai santsi, mai ɗan laushi. Saura kaɗan in yi ihu irin na ranar randa. Na cije leɓe, na share ƙasar a hankali. Yana nan a dunƙule, ƙafafu a naɗe, an lulluɓe shi da wata busasshiyar fata kamar ɓawon albasa, idanu a rufe. Ban san ko mai rai ba ne ko gawa. Ba wata hanyar sani sai ɗaya. Ni da ban taɓa taɓa kwaɗo mai rai da gangan ba, na ɗora tafin hannuna a kan bayansa, na riƙe numfashi, na jira. Can na ji ya motsa, kaɗan, kamar yadda ɗa ke motsi a ciki.

Na mayar da ƙasar yadda na same ta, na daddanna, na jawo ƙaya na rufe. Ban nemi na biyu ba. Na koma gida da laka har kafaɗa, na ce wa maigida akwai mai rai, ya ji ruwan jiya kuma bai fito ba, a jira. Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, bai tambaye ni inda na je ba. Ya mayar da sungumi inda yake.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Gonar Baffa ta yi kore shar, tamu da ta waɗanda suka bi maganata suna nan fayau. Yarana kan tsaya a bakin gona su dubi ta mutane su dubi tamu. Matan da mazansu suka jira saboda ni suka rage gaisuwa a bakin rijiya. Maigida bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni kaina na shiga shakka: wa ya sani ko wanda na taɓa rauni ne ya hana shi fitowa? Sannan sama ta washe, rana ta buɗe, tsiron da ke kan jigawa ya fara naɗewa yana yin fari. Kada wani ya zaci na ji daɗi. In gonar Baffa ta ƙone, 'ya'yansa a tukunyarmu za su ci, kuma kowace rana da ta wuce ba ruwa tana rage wa namu geron lokacin nuna. Nakan shiga ɗakin Inna in zauna kusa da tulun, in rasa abin da zan roƙa.

Ruwa na biyu da hantsi ya fara, ya wuni yana zuba har katangar bayan gida ta zube. Da ya tsagaita, rana na shirin faɗuwa, na fita. Wannan karon ba su tsaya nesa ba, har bakin kututture suka biyo ni, Baffa ma yana ciki, ya rame, ya harɗe hannu a baya. Tun daga hanya na ji ɗan jigawa, ƙarfensa na tashi daga gonaki ba kakkautawa. Mai ɗigon tulu ya shigo. Na juya kunne gindin giyayya. Da farko ba komai. Sannan ɗan maraƙi ya yi kuka sau ɗaya, wani ya amsa masa daga can gefe. A shekarun baya idan suka haɗu har a ƙirji ake jin su. Yau ba su cika yatsun hannu ba, kuma Inna ba ta taɓa gaya mini ko 'yan kaɗan haka sun isa shaida ba.

A tsakaninsu kuma sai na ji wata murya siririya, mai kaɗawa, wadda ban san mai ita ba. Ko ta taɓa nuna mini na manta, ko ba mu kai kanta ba. Ban san ko albishir take yi ba ko gargaɗi. Na juya in tambaye ta, har na buɗe baki na ce Inna. Maigida ne tsaye a wurin, ruwa na ɗiga daga hularsa, da mutanen gari a bayansa, duk suna kallon bakina.

Na ce a fasa lakar da ke bakin tulun iri.

Da gari ya waye muka shuka. Kafin mu fita maigida ya auni kaso daga irin ya aika wa Baffa don ya cike inda rana ta ƙone, saboda haka gefen gonarmu na yamma bana ba komai a cikinsa. Yanzu geron ya kai idon sawu. Tulun yana kife a bayan ɗaki, ko ƙwaya babu, kuma yau kwanaki ke nan gabas ba ta haɗa hadari ba.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata kaifin bakinta, Ya sanyaya mata makwanci kamar yadda ta nema wa ƙananan halittunSa sanyi. Ya ba maigida da Baffa da mu duka haƙurin rashinta. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka sa abin da na ji a bakin tabki shi ne abin da za ta ji.